Nakiya ta sake tashi jiya: me ƙungiyar unguwa za ta yi kan dutsen nan?

Malam Sakatare: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Na san kowa ya ji ƙarar jiya bayan la'asar. Muna zaune a masallaci agogon bango ya faɗo ya tarwatse, 'yan Islamiyya suka watse da gudu suna salati, wasu ko takalmi ba su tsaya ɗauka ba. Shugaba ya ce kafin taron Asabar in buɗe magana a nan kowa ya faɗi abin da ke ransa, domin in mun haɗu a firamare lokaci ba ya isa, kuma iyayenmu mata da yawa ba sa samun zuwa. Abin da ke gabanmu shi ne masu fasa dutse da nakiya ta bayan tudu, da fulotan da ake ta yankawa a jikin gangare, da kwazazzabon da ya kusa cin katangar maƙabarta. Don Allah ban da zagi, ban da kama sunan kowa, ban da turo tallan atamfa a tsakiyar magana.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, ni na gaji da taro. Ɗakin uwargidana akwai tsaga da ta taso daga kusurwar taga ta haura har ƙarƙashin silin. Bara da rani na sa birkila ya cike ta da siminti, ya shafe, aka yi fenti. Jiya da daddare na kashe fitila na ga hasken sola na maƙwabcina ta cikinta. Na zura makullin babur ya shige har wuya. Shekara 9 ina tara kuɗin bulon gidan nan daga albashin koyarwa. Shawarata ɗaya ce: gobe da asuba matasa su jera duwatsu da tayoyi a hanyar tifofi, kada mota ɗaya ta fita. In suka kwana biyu ba su sayar da tsakuwa ba, da ƙafarsu za su zo neman mu.

Ɗan Tifa: Baba, da girmanka, amma tsakuwar da aka zuba a dakalin gidanka ni na kawo ta, kuma daga bayan dutsen nan na ɗauko. Mu fiye da ashirin a unguwar nan da motocin nan muke ci, ban da yaran mota da masu lodi da mai shayin bakin get. In an tare hanya, mai kamfani yana Abuja yana shan iska, mu ne za mu kwana da yunwa, mu ne kuma za a kwashe a motar 'yan sanda.

Baban Khalifa: To sai gidajenmu su rushe a kanmu don kai ka samu lodi?

Ɗan Tifa: Ban ce haka ba. Mahaifiyata ma a layin take.

Barista: Salamu alaikum. Baban Khalifa, Allah ya huci zuciyarka, amma tare hanya shi ne babbar kyautar da za mu ba su. Ranar da aka ƙona taya, magana ta tashi daga tsagewar bango ta koma ta tada zaune tsaye, kuma kun san yadda garin nan yake, abu kaɗan sai a sa masa wata riga daban.

Bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri da tsawo. Dokoki biyu ne suka haɗu a kan dutsen nan, shi ya sa duk ofishin da ka je sai a nuna maka wani. Saman ƙasa yana ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Amma abin da ake haƙowa, har da dutsen da ake fasawa a sayar, na gwamnatin tarayya ne, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya faɗa, Dokar Ma'adinai ta 2007 ta fayyace. Lasisin fasa dutse daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa, na shekara 5 ne, ana sabuntawa. Ke nan ciyaman ko hakimi ba su da ikon soke shi, ko da sun so.

Sai dai wannan doka ta 2007 tana da haƙora idan an san inda suke. Ta hana haƙar ma'adinai a filin da gari ko ƙauye ko kasuwa ko maƙabarta suke, da wuraren gado na kakanni da wuraren tarihi. Ta kuma wajabta wa mai lasisi ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar ci gaba da al'ummar da yake aiki a cikinsu kafin ya fara, a riƙa sake duba ta duk shekara 5. Sannan akwai ƙa'idojin fasa dutse na 2013 da hukumar kare muhalli ta tarayya, wato NESREA, ke kula da su, waɗanda suka ce kada a kafa wurin fasa dutse ko a tada nakiya cikin kilomita 3 daga inda mutane ke zaune. Ku auna daga masallacinmu zuwa ramin da kanku.

Maman Ummi: Kilomita 3? Barista, ai Ummi da ƙafa take kai wa yayanta abinci can ta dawo tuwo bai huce ba.

Alhaji Dillali: Barista ka faɗi rabi ka bar rabi. Ƙa'idar tana maganar gidajen da aka tarar ne. Wa ya tarar da wani? Lokacin da na fara kawo mutane wurin nan daga Tudun Wada da Kawo da Rigasa, ana fasa dutse. Kowa ya gani da idonsa, ya ji araha ya saya. Yanzu an cika wuri an ce masu dutse su tashi. Gaskiya ɗaya ce, ko ba ta yi daɗi ba.

Baba Mai Ritaya: Alhaji, dakata. Na riga ka zuwa wurin nan, don lokacin da na bar aikin jirgin ƙasa na sayi filina, gidaje bakwai ne, sai gonakin dawa da doya. Abin da ka kira fasa dutse a wancan lokacin, mutane ne ke tara itace a kan falalen dutse su cinna wuta ta kwana tana ci, da safe su watsa ruwa, dutsen ya ɓare kamar ɓawon rogo, su bi shi da guduma. Wannan bai taɓa motsa ko kofin shayi a gidan kowa ba. Injin niƙa da nakiya daga baya suka zo, lokacin layukanmu na ƙasa duk an gina su. Ina da rasit ɗin kwanon rufina, har yau yana cikin jakar fansho. In ana son sanin wa ya riga wa, a nemi ranar da aka ba su lasisi a ajiye kusa da takarduna.

Barista: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan rasit ɗin ya fi tayoyi ɗari amfani. Ranar lasisi kuwa ana iya nema. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi takarda, kuma kwana 7 doka ta ba su su amsa. Mu nemi abu uku: kwafin lasisi da taswirar iyakarsa, rahoton nazarin tasirin aikin ga muhalli wanda dokar 1992 ta tanada, da ita yarjejeniyar al'umma, mu ga su wa suka sa hannu da sunanmu.

Hajiya Ma'aji: Wannan ta ƙarshen ita nake jira a taɓo. Ku yi haƙuri, yau zan faɗi. Shekarun baya kafin a zaɓe mu, an ga wata mota ta shigo gab da azumi da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya. Ba a sauke a masallaci ba, ba a sauke a coci ba, a wasu zaurukan aka sauke da daddare. Bayan sati biyu aka zo aka haƙa mana burtsatse guda, aka ɗauki hoto da manyan riguna. Burtsatsen nan wata huɗu ya yi ya ƙafe, yau awaki ke kwana a gindin tankin. Tun daga ranar duk wanda ya je koke sai a ce masa ai mun daidaita da shugabanninku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban kama suna ba, Malam Sakatare, kada ka goge.

Malam Sakatare: Ban goge ba Hajiya. Amma a tsaya nan.

Baban Khalifa: A'a, a faɗe su mana!

Baba Mai Ritaya: Biyu daga cikinsu suna kwance a maƙabartar da muke maganar cetowa. Allah ya jiƙansu. A bar wannan, a gyara gaba.

Hajiya Ma'aji: Amin. Gyaran gaba kuwa shi ne rajista. Har yau ƙungiyar nan ba ta da takarda sai littafin da nake rubuta gudummawa a ciki, mai bangon shuɗi, wanda jikana ya yi wa zanen mota a shafin baya. Asusun banki ba mu da shi, kuɗi a gwangwanin Milo suke a ɗakina, ni kaina tsoro nake ji. Naira 1,000 a wata muka yanka wa kowane gida, amma masu biya ba sa wuce layi biyu. Sai an tada nakiya kowa ya tuna da ƙungiya.

Barista: Hajiya ta yi gaskiya. In muka yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, ƙarƙashin dokar 2020, ƙungiya ta zama kamar mutum a idon doka: tana iya buɗe asusu, ta mallaki fili, ta kai ƙara, a kai ta. Sai mu rubuta a tsarin mulkinmu cewa babu wanda zai sa hannu a kowace yarjejeniya da sunan unguwa sai an karanta ta a babban taro. Aikin takardun ni zan yi kyauta, kuɗin hukuma da na sanarwa a jarida ne kawai za a haɗa.

Jikar Masu Gari: Sannunku. Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Ni ba a sa ni a zauren nan ba sai watan jiya, ita ma maƙwabciyata ce ta roƙa. Kuna ta cewa dutsenmu, dutsenmu. Kakata a kan dutsen nan aka haife ta. Mutanenmu sun zauna a sama ne tun zamanin hare-haren bayi, sai da ƙasa ta lafa suka sauko gindinsa suka yi gonaki. Har yanzu in ka hau ta gefen kukar nan za ka ga ramukan niƙa a jikin dutse, sumul kamar cikin ƙwarya, da da'irar duwatsu inda rumbuna suka zauna, da kaburburan kakanninmu. Bara katafila ta ture wani sashe, babana ya je ya tsaya yana kallo, ya dawo bai ci abinci ba. Ba wanda ya ce masa sannu. Kun kafa ƙungiya shekara nawa, ko sau ɗaya an taɓa aiko wa dattawanmu takardar gayyata?

Alhaji Dillali: Ai Gwarawan ne suka sayar da filayen da hannunsu, 'yata. Ba ƙwace aka yi ba.

Jikar Masu Gari: Gbagyi muke, Alhaji. Kuma gona aka sayar maka, ba kabari ba.

Malam Sakatare: Alhaji a kiyaye. 'Yar'uwa, wannan laifinmu ne, ba ni da abin karewa. Ni ke rubuta takardun gayyata, ban taɓa kai wa can ba. Gobe in sha Allahu ni da Shugaba za mu je da ƙafarmu mu gaida babanki.

Barista: Kuma ku lura, abin da ta faɗa shi ne hujja mafi ƙarfi da muke da ita. Tsagewar bango za a iya ce maka birkilanka ne bai iya aiki ba, ko simintinka ya yi kaɗan. Amma kaburbura da kufai doka ta ambace su da suna. Akwai kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, tana da ofishi a nan Kaduna kan titin Ali Akilu, ana iya rubuta musu su zo su gani. Kada mu raina irin wannan. Gumakan Nok da duniya ke magana a kansu, a jihar nan suke, kuma masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928. Turunku da Kufena ma duwatsu ne kamar wannan, tarihin Zazzau kaf a jikinsu yake.

Jikar Masu Gari: To amma kada a ɗauke mu a matsayin hujja kawai, a gama shari'a a manta da mu. In za a zaɓi amintattu, a sa namu a ciki.

Hajiya Ma'aji: Na goyi baya. Kuma a sa mace fiye da ɗaya, na gaji da zama ni kaɗai cikin maza ina ƙirga canji.

Abba Ɗalibi: Ni tsorona girgizar ƙasa. A Satumban 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi ta kudancin jihar nan, a Satumban 2018 ta motsa a Mpape ta Abuja har gwamnati ta dakatar da fasa duwatsu a yankin. Mu sa wannan a takardar koke a sama, da manyan baƙaƙe, zai tsorata su.

Injiniya: Abba, abubuwan da ka faɗa sun faru, amma kada mu sa a takarda cewa nakiyar bayan dutsenmu za ta kawo girgizar ƙasa. Suna da masana, za su kama wannan layi ɗaya su yi ta yawo da shi, sauran gaskiyarmu ta bi ruwa. Mu rubuta abin da za mu iya nunawa da yatsa.

Ga abin da nake so kowane mai tsagaggen bango ya yi yau, ba sai Asabar ba. Ɗauki fensir ka ja ɗan layi a daidai inda tsagar ta ƙare, sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka ɗora rula ta 'yan makaranta a kan inda ta fi faɗi ka ɗauki hoto. Ka kwaɓa siminti kaɗan kamar girman ƙosai ka manna a kan tsagar. In aka sake tada nakiya ka duba: in ƙosan ya dare, ko tsagar ta wuce layin fensir, ka sake hoto ka rubuta rana da lokaci. Mutum ɗaya kuma ya riƙe littafi yana rubuta duk ranar da aka tada da ƙarfe nawa. Wata uku na wannan ya fi shekara ana ihu.

Amma ni abin da ya fi hana ni barci ba nakiya ba ne, ruwa ne. Kuma a nan ba mai kamfani a ciki, mu ne.

Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansa a watan Agusta gangarowa yake. Da can akwai ɗorawa da kaɗanya da marke da ciyawa a jikin gangaren, suna rage masa gudu, ƙasa ta sha wani, sauran ya bi hanyoyinsa guda biyu da ya saba bi ya faɗa rafi. Yanzu an sare itatuwan an yi gawayi, an kankare ƙasar saman an sayar wa masu ciko, an yanka fuloti har inda mutum sai ya dafa da hannu yake hawa. Kowane sabon kwano da kowane tsakar gida da aka shafe da siminti ƙarin ruwa ne ga na ƙasa da shi. Hanyoyin ruwan nan biyu kuma, ɗaya an gina katanga a kanta. Ruwa ba ya karanta takardar fili. Da ya tarar da katanga sai ya karkata, inda ya karkata kuwa shi ne bayan maƙabarta. Na auna bakin kwazazzabon da tef bayan sallar layya, na sake aunawa makon jiya, tafiya yake yi. Saura taku kaɗan tsakaninsa da katanga. In damina mai zuwa ta same shi haka, Allah ya kiyaye, abin da za mu kwasa ba bulo ba ne.

Maman Ummi: Innalillahi. Mahaifin su Ummi a wannan kusurwar yake.

Ɗan Ardo: Injiniya, hanyar ruwan da ka ce an toshe, gefenta burtali ne. Nan shanunmu ke bi su sha ruwa tun ina bin su da sanda. Dagaci ya sani, tsofaffin Gbagyi sun sani, don tare aka shata shi da kakana. Yau an yanka shi fuloti-fuloti, in saniya ta goga katanga a ce mun yi ɓarna a kai mu ofishin 'yan sanda. In za a yi taswirar unguwa a sa burtalin, ko da rabinsa ne ya rage.

Alhaji Dillali: Kullum dillali ne mai laifi. Ni tsakani nake shiga, mai gona ya ce saya, mai kuɗi ya ce na saya, mai unguwa ya sa hannu, a ba ni la'ada. Mutane na tururuwa daga cikin gari saboda haya ta fi ƙarfinsu, wasu kuma rashin tsaro ya koro su daga ƙauyukan Birnin Gwari da Chikun da Igabi. In ce musu kada su gina? Su kwana a ina?

Injiniya: Alhaji ba wanda ya ce kada a gina. Cewa muke akwai wuraren da ba a ginawa: hanyar ruwa, burtali, kan kabari, da gangaren da ya yi tsayi da yawa. Wanda ka sayar wa fili a hanyar ruwa ba taimakonsa ka yi ba. Ga shi takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki kawai, ba ta zama takardar mallaka ba sai an bi ta hukumar filaye ta jiha, wato KADGIS, izinin gini kuma na hukumar tsara birane ne, wato KASUPDA. Ranar da aka zo da jan fenti aka yi alama a bango, kai ka riga ka ci la'adarka, shi ne zai kwana a waje. Mun ga yadda aka yi rusau a garin nan a shekarun baya, ba labari aka ba mu ba. Gara mu gyara da kanmu tun ba a zo an gyara mana da katafila ba.

Baba Mai Ritaya: Garin nan da tsari aka fara shi. Turawa sun dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917 da taswira a hannu, a 1967 aka sake yi masa babban tsari na shekara hamsin. Amma tsari na tafiya da ƙafa, jama'a na tafiya a mota. Kafin masu awon gwamnati su iso wuri, an riga an yi suna uku a gidan.

Anti Nas: Ku bar ni in sa baki kafin in shiga aikin dare. Ana ta maganar bango ba a maganar ƙirji. Ƙurar dutsen nan ba irin ƙurar hunturu ba ce. Tana da ƙananan ƙwayoyi masu kaifi da ke maƙalewa a huhu, shekara da shekaru su sa shi ya taurare, kuma in ya taurare ba ya komawa. Tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ku shafa yatsa a ganyen mangwaron firamare ku gani, fari fat kamar an barbaɗa garin rogo. Masu aiki a bakin injin su suka fi kowa shaƙa, Ɗan Tifa da abokansa ke nan, da ƙyalle kawai suke ɗaure hanci. Maganin ba wani abin sihiri ba ne: a riƙa fesa ruwa a injin niƙa da kan hanya, a rufe lodi da tamfol, a ba ma'aikata takunkumi na gaske. A sa wannan a cikin abin da za mu nema.

Ɗan Tifa: Anti wallahi da safe in na yi kaki fari yake fita. Tamfol kam ba sai an jira kamfani ba, zan yi wa 'yan ƙungiyar direbobi magana. Gudu a gaban firamare ma za mu iya hana junanmu. Amma a daina cewa a rufe wurin gaba ɗaya, don in aka ce haka ba direban da zai zo taronku.

Maman Ummi: Kuma a tuna da matan da ke fasa tsakuwa da hannu a gindin dutsen. Yawancinsu zawarawa ne da waɗanda aka kashe wa maza a ƙauye. Daga safe zuwa la'asar mace na zaune a rana da guduma da zoben tsohuwar taya tana tare dutse kada ya fantsama mata a ido, goyo a baya, ta tara ɗan tsibi ta jira mai saye. Na yi shekara biyu ina yi kafin Allah ya hore mini injin markaɗe, ga tabon nan a babban yatsana. In hukuma ta zo, kamfani zai nuna takarda, su ne za a kora don ba su da ko ɗaya. Kada kokenmu ya zama sandar da za a doke su da ita.

Barista: An ji Maman Ummi. Za a rubuta a fili cewa koken a kan nakiya da injin niƙa ne. Ga yadda nake ganin buƙatun, a gyara mini: a daina tada nakiya ta fuskar da ke kallon gidaje da kufai, a riƙa sanar da rana da lokaci tare da busa jiniya, a kawo masani mai zaman kansa ya auna ƙarfin girgizar a gaban wakilanmu, a gyara gidajen da aka tabbatar, a kashe ƙura, a sake zama kan yarjejeniyar al'umma a bainar jama'a. Kwafi ga dagaci da hakimi da kansila da ƙaramar hukuma da hukumar muhalli ta jiha KEPA da NESREA da ofishin ma'adinai na tarayya. Duk inda aka kai a tsaya sai an buga tambarin an karɓa a kan namu kwafin. Takardar da ba tambari kamar ba a kai ta ba ne.

Baban Khalifa: Duk wannan wata nawa zai ɗauka? Bangona ba zai jira tambari ba.

Injiniya: Zan zo in duba shi gobe bayan azahar, a fitar da gadon daga jikin bangon tukuna. Amma Baban Khalifa, tunda magana ta zo, gara ka ji a bakina. Katangar da na ce ta toshe hanyar ruwa ba ta mutum ɗaya ba ce, fuloti huɗu ne a jere. Ta bayan gidanka tana ciki. Ta Malam Sakatare ma haka. Tawa ce ta uku, don ni ma da na zo ban tambayi inda ruwa ke bi ba, da rani na saya.

Malam Sakatare: Ikon Allah. Ni na buɗe magana ashe a kaina za ta sauka.

Baban Khalifa: Filina ne fa, da takardata. Ƙafa 50 ne, ban ƙara ko taku ɗaya ba.

Injiniya: Na sani, ba wanda ya ce ka ci iyaka. Wanda ya yanka ne ya haɗa da hanyar ruwan. Ba gida za a taɓa ba, katangar baya ce za ta matso kamar ƙafa 6, a yi lambatu mai faɗi da dutse da siminti ya sauke ruwan a rafi. Zan fara da tawa, ku zo ku gani kafin kowa ya taɓa tasa.

Ɗan Tifa: In za a yi lambatun, dutse da yashi lodi biyu a wuyana, man mota kawai za a saya.

Alhaji Dillali: Na huɗun ba a gina ba, yana hannuna, mai shi yana Legas. Zan kira shi. Ban yi alkawarin komai ba.

Baban Khalifa: Sai na ga ta Injiniya a ƙasa da idona.

Jikar Masu Gari: Babana ya ce in kuna son ganin inda ruwan ke bi tun asali, ku zo da sassafe kafin rana ta yi zafi, zai hau da ku. Ya ce a zo da takalmin kirki, ba silifa ba.

Malam Sakatare: To Asabar ƙarfe 7 a gindin kuka, daga nan mu wuce firamare. Injiniya ya zo da tef, Abba ya cika wayarsa da caji don hoto, Baba Mai Ritaya kada a manta da rasit. Hajiya Ma'aji ta ce za ta zo da littafi, wanda ake bi wata uku ya san kansa.

Hajiya Ma'aji: Wata biyar ne, Malam Sakatare. Kuma sunanka ne na biyu a shafin.